Allura Uku Da Anti Tela Ta Ƙi

Akwai wata mata mai ɗinki da kowa a layinsu yake kira Anti Tela. 'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, ku gyara zama. Labarin yau ni kaina idan na tuna shi sai raina ya ɓaci, kuma ba mutum ɗaya nake jin haushi a cikinsa ba.

Shagonta ɗan ƙarami ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Keke biyu, teburin yanka ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, sai tef ɗin awo da ba ya barin wuyanta. Hannunta yana da kyau, bakinta kuma yana da kaifi. Idan ta ce miki yadin nan ba zai isa ba, to ki je ki ƙaro kawai, don ba a taɓa kama ta da kuskuren awo ba. Wannan ne ya sa ta saba ganin cewa duk abin da ta faɗa shi ke nan.

Sai dai tana da wata lalura tun tana budurwa. Sugan jininta yana yawan sauka. Idan lokacin cin abinci ya wuce mata, sai hannu ya kama rawa, gumi ya keto, ido ya yi duhu. Wani likita ya taɓa ce mata kada ta rabu da abu mai zaƙi, ita kuwa ta riƙe maganar nan gam. Durowar kekenta ta hagu zare ne da allurai. Ta dama alawa ce zalla.

'Ya'yanta biyu, duk mata, duk sun shiga makaranta. Tana da shekara talatin da shida ta samu ciki na uku.

Da cikin ya shiga wata na shida ta je awo kamar yadda ta saba. Mata cike da benci, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar. Da layi ya zo kanta ta shiga ta tarar da wata nas mai tabarau tana rubutu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ranar Talata ki zo da sassafe," in ji nas ɗin, tana miƙo mata wata takarda. "Kada ki ci komai, kada ki sha komai sai ruwa. Za a ɗebi jininki, a ba ki ruwan suga ki shanye. Bayan awa ɗaya a sake ɗiba, bayan awa biyu a sake."

"Gwajin me ke nan, Sista?"

"Ciwon suga na masu ciki."

Anti Tela ta yi 'yar dariya. "Ai ni nawa sauka yake yi, ba hawa ba. Ni da idan na jima ban ci ba faɗuwa nake. Kin ga haƙorin nan nawa..."

"Kowa haka take cewa," nas ɗin ta katse ta. "Yunwar awa biyu ce ba ku iya jurewa. Ta gaba ta shigo."

Anti Tela ta tsaya da yatsa a kan leɓenta. Abin da take so ta nuna shi ne haƙorinta na gaba da ya gutsure. Shekara takwas da suka wuce an taɓa sa ta zuwa gwajin jini ba ta ci komai ba. Ta tsaya a layi har rana ta take, ta yanke jiki ta faɗi, bakinta ya daki benci. Ta farfaɗo ta ga ɗankwalinta a ƙasa, ana yayyafa mata ruwa, maza suna tsaye suna kallo. Tun daga ranar ba ta ƙara yin dariya baki buɗe a gaban baƙo ba.

Wannan labarin take so ta bayar, kuma minti biyu ya ishe ta. Ni dai na ce nas ɗin nan ta yi laifi, kuma ba zan janye ba.

Ta fito ta cika ta yi fam. Tun daga ƙofar asibiti har shago tana faɗa ita kaɗai. Tana zama wata kwastoma ta shigo da atamfa. Anti Tela ta laluba ba ta ga littafin awo ba, sai ta zaro takardar gwajin daga jaka, ta juya bayanta, ta rubuta kafaɗa, ƙirji, ƙugu da tsawo. Ta sa fil ta maƙale ta a jikin atamfar, ta jefa kan tarin ɗinki.

Mijinta mai gyaran firiji ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda sai ya auna magana sau biyu kafin ya furta ta. Bayan 'yan kwanaki ya biyo ta shago ya kawo mata abincin rana. Yana neman wurin ajiye kular, idonsa ya faɗa kan tambarin asibiti a jikin atamfar mutane. Ya cire fil ɗin, ya juya takardar, ya karanta.

"Maman yara, wannan ba jiya Talata aka ce ki je ba?"

"An ce." Ba ta daina taka keke ba.

"To me ya hana?"

"Ni na hana. So kake in je in faɗi da ciki wata shida? Wancan karon haƙori na bari a can. Wannan karon me kake so in bari?"

"Ba haka nake nufi ba. Mu koma tare mu ga likita, mu yi masa bayani. Ni zan riƙe flas ɗin shayi da biredi in zauna kusa da ke. Ana gamawa ki ci."

"Bayani? Ai na yi. An ce min mai kwaɗayi ce ni, a gaban mata. Baban yara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara ashirin ina cikin jikin nan da lalurar nan. Na haifi biyu lafiya lau, ba wanda ya ɗura min ruwan suga."

Ya ce a hankali, "Amma kin san Baba ma ciwon suga ne ya..."

Nan ta taka birki. Keken ya tsaya cak.

"Kada ka sako mahaifina a wannan maganar. Nasa hawa yake yi, nawa sauka yake yi. Ko firijin da kake gyarawa, wanda ya cika sanyi da wanda ya ƙi sanyi ciwonsu ɗaya ne? Ajiye min takardar mutane, awon riga ne a jiki."

Ya mayar da fil ɗin inda ya gan shi, ya fita. Shi ma ina jin haushinsa, domin akwai lokacin da haƙurin namiji ba alheri ba ne, gudun rigima ne kawai.

Da yamma ta kira yayarta a waya ta zayyana mata komai. Maimakon Yaya ta kwantar da ita, sai ta ƙara wa wutar fetur.

"Rabu da su, ƙanwata. Ni da na haifi bakwai wa ya ba ni ruwan suga? Sababbin abubuwa ne kawai suke ƙirƙirowa. Ki ci abincinki, ki sha zaƙinki."

Shi ke nan, magana ta zauna.

A awo na gaba sai ta canza rana don kada ta haɗu da mai tabarau. Ta samu wata nas daban, yarinya mai fara'a, wadda ta buɗe katinta ta ce, "Anti, ban ga sakamakon gwajin suga ba."

Ga dama ta samu. Wannan yarinyar da za ta saurara. Amma zuciyar Anti Tela ta riga ta ƙeƙashe, ta ɗauki duk mai farin kaya abokin gaba.

"Na yi a wani wuri," ta ce. "Lafiya lau. Takardar na manta a gida."

Yarinyar ta rubuta, ta rufe katin.

Daga nan jiki ya fara magana. Ƙishirwa ta addabe ta, ta sha ruwa kamar ba ta sha ba. Fitsari ba ƙaƙƙautawa. Gajiya irin wadda take sa ta kifa kai a kan keke da rana tsaka. Duk lokacin da ta ji jiri, abu ɗaya take faɗa wa kanta: suga ya sauka. Sai ta ja durowar dama. Da alawa ta daina isar ta, ta ƙara da lemon kwalba, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar. Mai shagon kusa har ya san ya ajiye mata masu sanyi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, tef ɗin wuyanta ya gaya mata gaskiya. Mace ce da ta auna ɗaruruwan masu ciki. Ta san yadda cikin wata bakwai yake a tef, ta san na wata tara. Wata rana da ba kowa a shago ta zagaya tef ɗin a nata cikin, ta duba, ta sake zagayawa. Tana wata bakwai da rabi, amma ta wuce awon matan da suke jiran haihuwa yau ko gobe. Doguwar rigarta sau biyu tana farke gefe tana ƙarawa, har ba sauran yadin da za a saki.

Amma ta naɗe tef ɗin ta ce, "Namiji ne, shi ya sa." Ta zauna ta ɗinka wa jaririn riguna shida masu laushi, a kan awon da ta yi wa yayyensa lokacin da aka haife su. Awo biyu da suka biyo baya kuwa ba ta je ba. Ta ce aiki ya yi yawa.

Naƙuda ta kama ta da hantsi, almakashi a hannunta, saura mako uku lissafinta ya cika. Mai katifa ne ya tsayar da mota, mijinta ya same su a asibiti, Yaya ta biyo baya. Aka sha wahala har la'asar, yaro ya ƙi saukowa. Likita ya duba ya ce ɗan ya yi girma da yawa, idan aka matsa za a iya rasa shi ko a ji masa rauni. Aka shiga da ita tiyata.

Namiji ne kuwa. Kilo huɗu da ɗigo takwas.

"Masha Allah, ƙato," in ji Yaya, tana ta washe baki. "Ina masu ruwan sugan? Su zo su ga lafiyayyen yaro."

Aka kwantar da shi kusa da uwarsa. Anti Tela tana cikin raɗaɗin ɗinki, amma ta ji wani sanyi a ranta, har da ɗan alfahari. Ta yi gaskiya, kamar kullum.

Ba a yi awa biyu ba ta sa shi a nono ya ƙi kamawa. Ta sake gwadawa, bakinsa ya saki. Ta taɓa goshinsa ta ji sanyi da danshi. Sai ta ga hannunsa. Ɗan ƙaramin hannun nan yana karkarwa, yatsun suna rawa su kaɗai.

Yaya ta ce, "Sanyi yake ji, a ƙara masa tawul."

Anti Tela ba ta ji ta ba. Ta san wannan rawar hannun. Shekara ashirin tana ganin ta a nata hannun, a kan keke, kafin ido ya yi duhu.

"Baban yara, kira nas. Sugansa ne ya sauka. Yi sauri."

Wadda ta shigo ba kowa ba ce sai mai tabarau, an dawo da ita ɗakin masu jego a watan nan. Wannan karon ba ta ce kowa haka take cewa ba. Ta kalli yaron sau ɗaya, ta soki diddigensa, ta ɗiga jinin a 'yar na'ura. Abin da ta gani ya sa ta sunkuce shi ta fita da gudu.

Minti arba'in suna jira. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa zama. Anti Tela tana kwance ba ta iya ko tashi, tana kallon gurbin da yaron ya bari a kan zanin gado.

Likita ya shigo da katinta a hannu, nas ɗin tana bayansa.

"Mun sa masa ruwa ta jijiya, ya fara dawowa," ya ce. "Da an ƙara jinkiri, da sai ya fara jijjiga, kuma hakan yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Hajiya, alamu sun nuna kin yi ciwon suga na ciki ba a sani ba. Sugan da ya yi yawa a jininki shi yake sha, shi ya sa ya yi wannan girman. Jikinsa ya saba ƙona suga mai yawa. Da aka yanke cibiya sugan ya tsaya, jikinsa kuma bai daina ƙonawa ba."

"Ba zai yiwu ba," ta ce. "Ni nawa sauka yake yi."

"Mai saukar suga ma tana iya kamuwa da na ciki. Ciki yana canza jiki. Shi ya sa ake gwada kowa. Da kin gaya mana matsalarki, da mun san yadda za mu yi. Mu fara da ke kafin kowa, mu kwantar da ke a gado muna duba ki. Idan ma ba zai yiwu ba, akwai na'urar da za ki riƙa gwada yatsa a gida na wasu kwanaki, kina cin abincinki."

Nan fa zuciya ta ɗebe ta. Ta manta da ɗinkin cikinta, ta yunƙura ta nuna nas ɗin da yatsa.

"Na faɗa. Ga wadda na faɗa wa nan a bayanka. Na buɗe baki zan yi mata bayani ta ce yunwa ce ba na iya jurewa, ta kira ta gaba. Ko kallona ba ta yi ba. Ki musa, Sista. Ki musa a gabansa."

Nas ɗin ta cire tabaraun ta riƙe a hannu. Ta daɗe tana kallon Anti Tela.

"Ba zan musa ba," ta ce. "Gaskiyar magana, ban ma tuna ki ba. Ranar awo mata tamanin nake gani. Amma na san nakan faɗi haka, kuma yawan mutane ba hujja ba ne. Ki yafe min."

Anti Tela ta so a ce matar ta yi gardama, ta samu inda za ta juye abin da yake cin ta. Tana shirin ƙara wata maganar, likita ya buɗe katin.

"Akwai abin da ban gane ba," ya ce. "A awon da ya biyo baya an rubuta a nan: ta ce ta yi gwajin a wani wuri, lafiya lau. A ina kika yi?"

Mijinta ya juyo ya kalle ta, don shi ma yau ya fara jin wannan. Yaya ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Anti Tela ta juya fuskarta bango, hawaye suna gangarowa cikin kunnenta. Haushin duniya ya taru ya rasa wanda zai kama sai ita.

Kwana shida yaron ya yi a ɗakin jarirai. Da ta samu ƙarfin takawa, mijinta yake riƙe ta ya kai ta. Bayan kowane 'yan awanni sai an soki diddigensa an duba suga. Rana ta biyu mai tabarau ta ce mata, "Maman yaro, zo ki riƙe min ƙafarsa. Ya fi natsuwa a hannunki."

Ta riƙe. Ƙafar ba ta cika tafin hannunta ba. Allura ta shiga, yaron ya tsandara kuka, ya ja ƙafar da ɗan ƙarfinsa, ita kuma dole ta danne. Diddigen dama ya cika da ɗige-ɗige, aka koma na hagu. Ba wanda ya ce ta ƙirga, amma mai awo ba ta iya barin ƙirga. Ranar da aka sallame su ta kai talatin da ɗaya.

Ita allura uku aka ce za a yi mata, ta ƙi.

Rigunan nan shida kuwa ko ɗaya ba ta shige shi ba. A cikin tawul aka kai shi gida. Likita ya ce a riƙa kawo shi ana duba girmansa da motsinsa, don sai a hankali za a tabbatar abin bai bar masa komai ba. Da wannan fargabar take kwana, da ita take tashi.

Kafin su fita, mai tabarau ta miƙo mata wata takarda. "Bayan mako shida za ki dawo a gwada ki, a ga ko ciwon ya tafi da cikin. Irin wancan gwajin ne. Ba ci, ba sha."

Anti Tela ta karɓa ta duba. Ta ce, "Sista, sugana yana sauka."

Nas ɗin ta ajiye biro, ta jawo kujera. "Na ji. Zauna ki gaya min tun daga farko."

Ranar gwajin ita ce ta farko a layi. Aka ba ta gado kusa da teburin nas. Mijinta yana zaune a gefe, flas ɗin shayi da biredi a ƙafarsa, yaron a cinyarsa. Ta shanye ruwan sugan. Ta ji jiri sau ɗaya, ta faɗa, aka duba ta, ya wuce. Ba ta faɗi ba.

Da nas ta zo ɗiba na uku, ta ce, "Ki kau da kai idan ba kya son gani."

Anti Tela ta miƙa hannu. Ba allurar take kallo ba. Safar yaron ce ta zame, tana kallon diddigensa, inda ɗige-ɗigen ba su gama ɓacewa ba.

Darasi: Sanin jikinki ba ya maye gurbin gwaji, kuma fushi da ma'aikaciya ɗaya bai kai ki yi wa ɗanki caca da lafiyarsa ba. Idan sugan jininki yana sauka, kada ki gudu, kada ki ɓoye, kada ki yi ƙarya a katin awo. Ki faɗa, idan ba a saurare ki ba ki faɗa wa na gaba, har sai an nemo hanyar da ta dace da ke. Ku kuma ma'aikatan lafiya, ku ɗago kai ku kalli wadda take gabanku, minti biyun da kuka hana ta wani jariri ne zai biya. Maza da yayye, ku daina yin shiru ko zuga a inda ya kamata ku raka. Ku tura wannan labari ga duk mai cikin da kuka sani, wataƙila akwai wadda takardarta take ninke a jaka yanzu haka.